Wayar Winci da Maganar Kwana Ya Ƙare

Akwai maganar da mukan yi idan abu ya lalace a hannunmu: kwanansa ne ya ƙare. Ba na musun gaskiyarta. Abin da nake tuhuma shi ne lokacin da ake faɗinta, da bakin da take fitowa. Kuma ba wani gagarumin lamari ne ya jefa ni wannan tunani ba, wata wayar ƙarfe ce da kaurinta bai kai na fensir ba.

A jihar Minnesota ta Amurka nake zaune, inda hunturu ba ya wasa. A Minneapolis akan tara dusar ƙanƙara wajen inci 50 a shekara, har yau kuma tsofaffin gari suna ba da labarin wadda ta fara sauka a ƙarshen Oktoban 1991, ta zuba sama da inci 28 cikin 'yan kwanaki. Wanda ke da doguwar hanya daga ƙofar gida zuwa titi, shebur ba zai fisshe shi ba. Sai ya nemi babur mai ƙafa huɗu, irin na kamfanin Polaris da aka kafa a garin Roseau na arewacin jihar a 1954, ya ɗaura masa garma a gaba, wato faffaɗan ƙarfen da ke ture ƙanƙara. Winci, wato injin naɗe waya, shi ne ke ɗaga garmar ya sauke ta.

To, ba don wannan aiki aka ƙera winci ba. An yi shi ne domin ranar da babur ya kafe a taɓo: a warware waya mai tsawon ƙafa 50, a ɗaura a jikin bishiya, a ja a miƙe, a naɗe, sai kuma wata rana. Aikin garma akasin haka ne. Nauyin kaɗan ne, amma ƙafa biyu ko uku na bakin wayar su kaɗai ke shiga su fita, sau ɗaruruwa a safiya guda, kuma ba a miƙe ba: wayar na fitowa daga bakin winci sai ta karya wuya ta yi ƙasa a kan wata 'yar siririyar rola. Irin wannan waya yawanci tufka bakwai ce, kowace da sili 19, sili 133 ke nan. Kowace lanƙwasa tana gajiyar da su. Ɗaya ya tsinke ya miƙe kamar ƙaya, na kusa da shi ya gaji nauyinsa, gishirin da ake watsawa a titi ya kawo tsatsa. Duk wanda ya taɓa jan ruwa ya san inda igiyar guga ke fara cinyewa, wurin da take gogar bakin rijiya ne, ragowarta kuwa garau.

Wata Juma'a wayar baburin da ake share filin ajiye motoci na masallacinmu da shi ta tsinke, garma ta faɗi, rabin fili a toshe, jama'a na ta isowa. Yaron da ke tuƙin ya tsaya jiki na ɓari. Wani dattijonmu, mutumin zangon Kumasi, ya dafa shi ya ce, "Bari damuwa, ɗana, kwananta ne ya ƙare." Na ji daɗin maganar, don aron baburin aka ba yaron, bai san komai a kai ba. Da mai baburin ya zo ya maimaita ta kalma da kalma, sai na ji ta canza ɗanɗano. Shi ne fa mutumin da tun farkon hunturu ba ya taɓa wayar nan sai da safar hannu ta fata, don ya san ƙayoyinta na yanka.

Maganin abin sananne ne, kuma ba shi da tsada. Akwai bakin winci mai ƙatuwar rola a ƙasa, wanda aka yi musamman don garma, yana sassauta lanƙwasar. Wasu kan cire doguwar wayar idan sanyi ya kama, su sa gajeriyar igiyar roba mai ƙarfi irin ta Dyneema, ko faffaɗan maɗauri, sai bazara su mayar. Ita ma igiyar robar da nata sharaɗin: rolar da waya ta riga ta karce za ta cinye ta, kuma idan ta sha ruwa tana daskarewa. Wanda ba ya son sayen komai, ya yanke ƙafa biyun da suka gaji ya sake ɗaure ƙugiya, ya daina danne maɓalli bayan garma ta kai ƙarshen tashinta, ya riƙa wanke gishiri. Aikin bai kai tsawon shan shayi ba.

Malamai sun daɗe a kan wannan gaɓa. Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarg ya sami labari, ya yi shawara, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Amsar da ya bayar, a ma'anarta, ita ce juyawar ma ƙaddara ce, ya kawo misalin makiyayi a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da hukuncin Allah ne, amma ba wanda zai ce zaɓin ɗaya ne. Daga baya Ibn Taimiyya, da yake bayanin hadisin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa, ya rarrabe: ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta sauka, ba a kan laifin da mutum ya yi ba. A fahimtata, dattijo ya faɗi tasa a gefen musiba, mai babur ya ɗauke ta ya kai gefen sakaci.

Ban yarda kuma da maƙwabcina Ba'amurke ba, wanda ke ganin duk abin da ya lalace dole akwai mai laifi, har ya hana kansa barci. Wayar da aka fi kulawa da ita ma tana da iyaka. Ƙarfe na gajiya daga ciki, inda ido ba ya kaiwa, wata rana sai ta tafi ba sallama. Can ne maganar kwana ke da cikakken hurumi.

Na kai wa dattijon wannan bayani duka bayan la'asar, har da sili 133. Ya saurara, sannan ya ce, "Malam, idon da ka ga ƙayar da shi, wa ya buɗe maka shi ya bar na ɗan'uwanka a rufe?" Na ce, "Baba, ai nasa ma a buɗe yake, shi ya sa ya sayi safar hannu." Ya yi dariya har da tari, bai ce na yi daidai ba, bai kuma janye tambayarsa ba. Kafin magariba dai shi ya fara zaro kuɗi daga aljihu na sayen babbar rola, ya ce a karɓi cikon a wurin mai baburin.