Zumuncin makarantun firamare: sanin juna ne ko sadaka?

A baya, shirin Connecting Classrooms na British Council ya haɗa makarantun Birtaniya da takwarorinsu na ƙasashe da dama, har da Najeriya, kamar yadda eTwinning yake yi a Turai tun 2005. A irin wannan zumunci, yara na musayar wasiƙu da zane, malamai na tsara darasi tare. Shin ya dace a buɗe wa ɗan shekara tara ƙofar wata duniya tun bai gama sanin tasa ba? A ganina ya dace, kuma addini bai hana ba: aya ta 13 a Suratul Hujurat ta nuna hikimar rarrabuwar mutane al'umma-al'umma ita ce su san juna. Yaron da ɗan Ingila ya tambaya dalilin azumi, ko yadda ake kaɗa miyar kuka, dole ya koma gida ya tambayi kakarsa, sai ga shi yana koyon nasa.

Masu tsoron gurɓacewar tarbiyya suna da gaskiyarsu, sai dai wayar hannu tana shigo wa yaro da baƙi babu mai sa ido, nan kuwa malami na duba kowace wasiƙa. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta rashin daidaito. Idan ɓangare ɗaya kullum shi ke aiko kwamfuta da littattafai, ɗayan kuma hoton godiya, yaran can za su koyi tausayi, namu su koyi miƙa hannu. Don haka shugabannin makarantu, kafin ku sa hannu a yarjejeniyar irin wannan zumunci, ku nemi a rubuta abin da ɗalibanku da malamanku za su koyar.