Mas'alar Kyautar da Aka Ɓad da Kamanninta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ke fili da abin da ke ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wani ɗan'uwa daga cikin masu sayar da kayan masarufi a kasuwar Kurmi ta Kano ya same ni da wata tambaya wadda da fari na ɗauke ta wasa, sai da na kwana da ita na ga tana da nauyi. Ya ce yana da taubashi, ɗan goggonsa, tare suka tashi, kuma tun suna yara ba su bar tsokanar juna ba. Da azumi ya kama sai ya saya masa agogon hannu mai tsada. Maimakon ya miƙa masa a fili, sai ya samo kwalin sukari, ya sa reza ya yanke gindinsa a hankali, ya zazzage rabin sukarin, ya naɗe agogon a cikin auduga don kada ya yi motsi, ya cusa shi a tsakiya, ya mayar da sukari ya rufe, sa'an nan ya liƙe gindin da ƙaro har ba mai iya ganewa. Ya ce har sai da ya ɗaga shi da wani kwali a hannu biyu ya ji nauyinsu ɗaya. Tambayarsa ita ce: shin na yi ƙarya ko ban yi ba? Labarin yana da saura, zan kawo shi a muhallinsa.

Wannan dabara ba shi ya fara ta ba. A ƙasashen Turawa, kamar Amurka da Ingila, sananniya ce a lokacin Kirsimeti da bikin ranar haihuwa. Wani ya sa ƙaramin abu cikin kwali, kwalin cikin wani kwali, har mai buɗewa ya gaji. Akwai ma masu buga kwalaye da hoton kayan banza a jikinsu, suna sayarwa don wannan aiki kaɗai. Yaranmu suna gani a waya suna kwaikwayo, saboda haka mas'alar ta cancanci a dube ta.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah Ya yi mana rahama da ni da kai, ƙunshi magana ce ko da ba shi da harshe. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wannan, domin bakin buhu shi ke ba da labarin cikinsa. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai aka tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, kuma aka sanar da shi cewa mai algus ba ya kan tafarkin Annabi. Lura da kyau: ba a ruwaito cewa mutumin nan ya furta ƙarya da bakinsa ba. Saman tsibin ne ya yi magana a madadinsa, kuma aka kama shi da ita. To ashe mai kwalin sukari ba zai kuɓuta da cewa "ai ni ban ce sukari ne ba". Kwalinsa ya ce.

Idan haka ne, me ya raba shi da mai algus, alhali dukansu sun sa zahiri ya saɓa wa baɗini? Na ga abu biyu. Mai algus ya ɗora mai kyau a sama ya binne maras kyau, riba tasa, hasara ta ɗan'uwansa. Mai kyautar nan kuwa ya ɗora ƙarami a sama ya binne babba, hasara tasa, riba ta ɗan'uwansa. Na biyun ya fi wannan zurfi, kuma shi nake so almajiri ya riƙe. Mai algus fatansa kada a taɓa ganowa, in da hali har mai saye ya koma garinsu. Mai kyauta kuwa ƙosawa yake a gano, domin ranar ganowa ita ce ranar da ya yi wahalar dominta. Ɓoyon da aka yi shi don ya dawwama shi ne ha'inci. Wanda aka yi shi don a tone shi nan kusa, jinkirta albishir ne kawai.

Muna da asali ga wannan a cikin Suratu Yusufa. A aya ta 62 Annabi Yusufa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya umarci yaransa su mayar wa 'yan'uwansa hajarsu cikin kayansu ba da saninsu ba. A aya ta 65 suka kwance kaya a gaban mahaifinsu suka tarar da ita. Sun yi tafiya daga Masar har gida suna zaton abinci kaɗai suke ɗauke da shi, alhali suna ɗauke da abinci da kuɗinsa. Ba wanda ya kira wannan yaudara.

Haka kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa wani mutum ya roƙi Annabi abin hawa, sai ya ce masa zai ɗora shi a kan ɗan taguwa. Mutumin ya yi mamakin abin da zai yi da ɗan taguwa, sai aka tuna masa cewa kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Dubi yadda aka naɗe babbar kyauta a cikin ƙaramar kalma, kalmar kuwa gaskiya ce tsantsa, kuma ba a bar mutumin ya tashi daga wurin da damuwarsa ba. Daga nan nake ganin abin da ya fi ga mai irin wannan wasa shi ne ya tsare harshensa. In an tambaye shi mene ne a ciki, ya ce "buɗe ka gani", ko ya ce "ɗan abin shan ruwa ne da wani abu". Kada ya rantse, kuma kada ya ce babu komai sai sukari, domin a nan ya fita daga tauriyya ya shiga ƙarya ƙarara, kuma an yi kashedi mai tsanani ga wanda ke ƙarya don ya ba mutane dariya.

Fasali. Amma wasan yana da wata fuska, ita ce kishiyar ta farko, kuma ita ta fi yawa a hannun samari. Wato a samo kwalin waya sabuwa ko na takalmi mai tsada, a zuba masa tsakuwa ko tsumma, a naɗe da takarda mai walƙiya, a miƙa. Wannan ba kyauta ba ce, alkawari ne da aka saɓa tun kafin a ɗauke shi. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amir cewa yana yaro mahaifiyarsa ta kira shi ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Annabi kuwa yana zaune a gidansu. Ya tambaye ta me ta yi nufin ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. To in kiran yaro da hannu wofi ƙarya ce, ina ga kwalin da aka ɓata dare ana gyara shi don ya tayar da kwaɗayin mutum sa'an nan ya kunyata shi?

Wani zai ce: ai bayan ya buɗe ya ga tsakuwa zan fito da wayar daga aljihu in ba shi. Sai mu ce wannan ya fi sauƙi, amma ka duba abin da ya faru a tsakani. Ka ɗaga zuciyarsa, ka kayar da ita, sa'an nan ka sake ɗagawa. Babba abokin wasanka zai iya ɗauka ya rama wata rana. Yaro ƙarami ba ya iyawa, kuka zai yi, kuma abin da zai riƙe shi ne hannun babba ba abin amincewa ba ne. Mabukaci ma ba ya iyawa, ko da ya yi dariya a gabanka.

Mafi muni shi ne ƙunshin da aka sa masa abin tsoro, kamar macijin roba ko mataccen kunama. An ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa, ya farka a firgice, sai Annabi ya hana a firgita Musulmi. Igiya ce fa kawai.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, wato 1111, ya ƙidaya cututtukan harshe ashirin a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya sa raha ta goma, izgili na goma sha ɗaya, ƙofa da ƙofa. Ina ganin wannan jeri ya dace da mas'alarmu, domin taki ɗaya ne tsakaninsu. Raha ita ce ku yi dariya tare. Izgili shi ne a yi dariya da shi a tsaye yana neman inda zai sa fuskarsa. Saboda haka tambayi kanka wa ka shirya wa wannan ƙunshi. In shi ka shirya wa, ba ka bukatar taro. In kuwa ka tara mutane, ka sa wani ya ɗaga waya yana ɗaukar fuskarsa don a watsa wa waɗanda ba su san shi ba, to masu kallo ka yi wa kyauta, shi kuwa ka mai da shi kayan wasan, agogon kuma ya zama ladan ɗaukar hotonsa ba da yardarsa ba.

Idan ka ce ga Nu'aimanu ɗan Amru, wanda ya halarci Badar, malaman tarihi sun kawo cewa yakan karɓi abin marmari da ya shigo Madina bashi, ya kai wa Annabi kyauta, in mai kaya ya zo neman kuɗinsa sai ya kawo shi gaban Annabi ya ce a biya, ya ce shi ba shi da kuɗi amma ya so Annabi ya ci, Annabi ya yi dariya ya sa a biya. Wannan ai ya fi kwalin sukari nisa. Sai mu ce gaskiya ne, amma Nu'aimanu ya san wanda yake wasa da shi, ya san faɗin ƙirjinsa, kuma an san shi da wannan hali. Labarin hujja ne ga haƙurin wanda aka yi wa wasan fiye da yadda yake hujja ga mai yi. Mu ma al'adarmu ta ware wa wasa mutanensa: taubasai, jika da kaka, Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzagi. Abin da za ka yi wa taubashinka ya yi daɗi, in ka yi wa surukinka ko malaminka ya zama rashin kunya, ko da abin da ke cikin kwalin zinariya ne. Kuma almajiri ya kiyaye: Mus'hafi da littattafan ilmi ba a ɓoye su cikin kwalin sabulu ko buhun gawayi don raha, domin mai karɓa zai iya jefar da ƙunshin ko ya zauna a kai bai sani ba.

Wannan ya dawo da mu ga sauran labarin ɗan'uwanmu na Kurmi. Da ya gama liƙe kwalinsa sai ciniki ya riƙe shi, ya ba yaron shagonsa ya kai. Taubashin ya karɓa, ya yi godiya, ya ba yaro tukwici daidai da kwalin sukari. Azumi ne, sukari ya taru masa daga wurare da yawa, sai ya ware wasu kwalaye ya sa aka raba wa maƙwabta, har da wannan. Kwana uku mai kyauta yana jiran a zo masa da dariya, shiru. Ya fara zargin ɗan'uwansa da butulci a zuciyarsa, shi kuwa ɗan'uwan yana can yana mamakin yadda mai shago guda zai aiko masa da kwali ɗaya tak. Dubi yadda ɓoyon da aka yi don a tone shi nan kusa ya kuɓuce daga hannun mai shi ya haifi mugun zato a gida biyu. A Risala ta Ibnu Abi Zaid an bayyana cewa kyauta ba ta cika sai da karɓa. Ga wanda ya karɓa bai san me ya karɓa ba, ya bayar bai san me ya bayar ba. Shin agogon na taubashi ne, ko na wanda kwalin ya faɗa hannunsa? Na ce masa abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne taubashin sukari ya nufa da sadakarsa, niyyarsa ba ta taɓa agogon ba, amma da an yi jayayya sai an je gaban alƙali. Na ce masa kuma ban ga ya yi ƙarya ba, amma ya yi sakaci, domin irin wannan ƙunshi ba a aika shi, mai shi ne ke miƙawa ya tsaya har a buɗe.

Ba a kai ga alƙali ba. Kwalin ya faɗa hannun wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin layi. A rana ta huɗu ta buɗe za ta sa wa kunu, ta ga auduga, ta warware, ta ɗauki agogon ta kai wa wanda ya aiko mata, ta ce ga abin da ya faɗa masa cikin sukari. Shi kuwa ya ce bai taɓa ganinsa ba. Sai da aka bi sawun kwalin ɗaya bayan ɗaya aka gano inda ya fito. Mutanen biyu suka haɗa kuɗi suka saya mata buhun wake, kuma aka kira yaron shago aka cika masa tukwicinsa.