AIKIN SA-KAI DA AMANAR ƳAƳAN MUTANE: SHIN KYAKKYAWAR NIYYA TA ISA?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, akwai wata magana da ta yawaita a bakinmu, wadda da zarar an faɗe ta sai kowa ya kama bakinsa. Idan aka ga abin gyara a aikin wani mai hidimar masallaci ko ta unguwa, aka yi masa nasiha, sai ya ce: "Ai don Allah nake yi, ba biyana ake yi ba." Da jin haka sai mai nasiha ya ji kunya, ya ja da baya. To, tambayar da muke son mu tsaya a kanta ita ce: shin wanda ya ba da lokacinsa da ƙarfinsa kyauta ya kuɓuta daga neman sani da kuma binciken jama'a? Tambayar tana ƙara nauyi idan abin da aka danƙa masa ba tabarma ko buta ba ne, ƴaƴan mutane ne. Za mu dube ta ta fuskar harkar iskut, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira sikawut, domin kaɗan ne ƙungiyoyin da suka daɗe suna fama da wannan tambaya kamar ta.

DARASIN DA MASU HARKAR SUKA KOYA

A watan Agusta na 1907 wani hafsan sojan Ingila mai suna Baden-Powell ya kwashi yara kimanin 20 ya kafa sansani da su a tsibirin Brownsea. Ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran, ya koya musu kafa tanti, da bin sawu, da dafa abinci a daji, da taimakon wanda ya ji rauni. Da littafinsa ya fito a 1908 sai yara suka yi ta kafa rukunoni da kansu a birane da ƙauyuka, suna neman babban da zai tsaya musu. Manya suka amsa: malaman lakwal, da ƴan kasuwa, da tsofaffin sojoji, kowa da himmarsa, ba wanda ake biya ko sisi.

Ba a jima ba aka gane cewa himma daban, iyawa daban. Tsohon soja ya mai da yara kurata, sai tsawa da fareti. Malamin lakwal ya mai da daji aji. Wani kuma ya sake su su yi abin da suka ga dama. Saboda haka a 1919 aka buɗe wurin horar da manya a Gilwell, kusa da Landan, aka yi kwas na farko a watan Satumba na wannan shekara. Abin lura shi ne, an raba manyan nan rukuni-rukuni kamar yara, suka kwana a tanti, suka ɗebo itace, suka dafa abincinsu, suka bi umurnin shugaban rukuni, domin kowa ya ɗanɗana abin da zai ɗora wa yaro. Wanda ya kammala, ya koma ya nuna abin da ya koya a aikace, ana rataya masa ƴan duwatsun katako biyu a igiyar fata. Har yau ana ba da wannan shaida a ƙasashen da harkar ta kai, waɗanda suka haura 170, kuma Nijar ta shiga ƙungiyar ta duniya a 1996.

Kada wani ya ce wannan sha'anin Nasara ne da bai shafe mu ba. A Aljeriya, Muhammad Buras ya kafa rukunin iskut na Musulmi a 1935, harkar ta zama makarantar tarbiyya da kishin ƙasa, har Faransa mai mulkin mallaka ta harbe shi a 1941. A nan gida kuwa, tun kafin zuwan Bature muna da samariya da sarkin samari mai jagorantar gayya. Ke nan tara matasa a ƙarƙashin babba ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

ƘARFI DA AMANA

Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin ƴar dattijon Madayana da ta shawarci mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, ta kafa hujja da siffofi biyu: ƙarfi da amana. Malamai sun fahimci cewa ƙarfin kowane aiki gwargwadon aikin ne. Ƙarfin alƙali sanin hukunci ne, ƙarfin likita sanin cuta da magani, ƙarfin mai jagorantar yara kuwa shi ne sanin halayensu da sanin abin da zai yi ranar da tsautsayi ya auku. Abu Zarri (RA) ba wanda ke shakkar tsoron Allahnsa, amma da ya nemi a ba shi shugabanci Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya bayyana masa cewa yana da rauni, kuma abin amana ne. Idan ikhlasin Abu Zarri bai wadatar ba, ina ga namu?

A fikihu ma haka abin yake. Wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, idan ya yi ɓarna lamuni yana kansa, ko da bai karɓi ladan aiki ba. An ruwaito cewa Imamu Malik bai zauna ba da fatawa ba sai da malamai saba'in suka shaide shi. Rashin karɓar kuɗi yana ƙara wa mutum lada a wurin Allah, amma ba ya rage komai daga haƙƙin wanda aka cuta.

Mu dubi abin da ya faru a Faransa ranar 22 ga Yuli, 1998, kusa da garin Perros-Guirec. Shugaban wani sansanin iskut ya tura yara bakwai cikin teku a ɗan ƙaramin jirgin ruwa, ba babba ko ɗaya tare da su, ga shi yanayi ba kyau. Jirgin ya kife, an yi jinkirin sanar da masu ceto, yara huɗu suka mutu, haka ma wani bawan Allah da ya zo taimakonsu. Ba a zargi shugaban da nufin kashe kowa ba. Burinsa ya ƙarfafa zukatan yaran. Duk da haka kotu ta yanke masa hukuncin ɗauri, domin niyyarsa ba ta mai da rai ko ɗaya ba.

Ba mu da teku, amma muna da tabkin Madarunfa, da gulbi idan ya kawo a damina, da kogi a Yamai, da zafin watannin Afrilu da Mayu. Wanda ya kwashi yara talatin zuwa daji, ya san ruwa nawa kowane yaro ke bukata a wuni? Idan gudawa ta kama ɗaya, ya san a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ana zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri? Idan maciji ya sari yaro, ya san ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau, sai dai a hana gaɓar motsi a gaggauta kai shi likita? Waɗannan abubuwa koyonsu ake yi, ba sa zuwa wa mutum don zuciyarsa fara ce. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

SHIN BINCIKE MUMMUNAN ZATO NE?

Wannan ita ce gaɓar da ta fi wuya. Mai ƙarancin sani ana iya koya masa, amma yaya za a yi da mai muguwar zuciya da ya sanya rigar mutanen kirki? Ƙungiyar iskut ta Amurka ta sha wannan ɗaci. A watan Fabrairu na 2020 ta ayyana karyewar arziki a gaban kotu, mutane fiye da 82,000 suka shigar da ƙorafin cewa an yi lalata da su suna yara, aka ware fiye da dala biliyan 2 domin biyan diyya. Tun 2012 kotu ta sa aka fito da takardun sirri da ƙungiyar ta daɗe tana ajiyewa, aka ga yadda a wurare da dama aka sallami mai laifi a ɓoye don kare suna, ba a kai shi gaban hukuma ba. Ƙa'idar da ƙungiyar ke bi a yau ita ce: kowace fita sai da manya biyu, babba ba ya keɓewa da yaro ɗaya, kuma ba ya kwana tanti ɗaya da ɗan wani.

Wani zai ce: ashe addini bai hana mu mummunan zato ba? Ya hana. Sai dai zato hukunci ne da zuciya ke yankewa a kan wani mutum ba da hujja ba. Ƙa'idar da ta hau kan kowa, har da liman da shugaban ƙungiya, ba ta tuhumi kowa ba. Shari'a ta umurce mu da rubuta bashi da kafa shaidu, ba ta ce dukkanmu maciya amana ne ba. Manzon Allah (SAW) da kansa, da wasu sahabbai biyu suka gan shi da dare tare da wata mace, ya tsai da su ya sanar da su cewa matarsa Safiyya ce, don ya toshe wa Shaiɗan ƙofa. Idan mafi tsarkin talikai ya nisanci wurin tuhuma, to mai gaskiya a cikinmu shi ya fi kowa cancantar murna da kasancewar babba na biyu, domin shaidarsa ne ranar da wani zai yi masa ƙage.

ABIN DA TAKARDA BA TA BAYARWA

Adalci ne mu faɗi hujjar ɗaya ɓangaren. Masu sa-kai kaɗan ne, galibinsu talakawa ne masu neman abin sakawa a baka. Idan muka tsananta sharuɗɗa za su watse, yara su koma tasha da bakin kasuwa, inda ba horo ba ƙa'ida. Kuma takardar shaida ba ta zuba wa mutum tsoron Allah. Duka biyu gaskiya ne.

Amsar ta farko ita ce, nauyin horo ba a kan mai sa-kai kaɗai yake ba. Wanda ya ba da Asabar da Lahadinsa bai kamata kuma a ce ya biya kuɗin mota da na kwas ba. Wannan haƙƙi ne a kan jama'a: attajiri ya ɗauki abinci, ma'aikacin lafiya ya koyar da agajin farko, malami ya koyar da haƙƙin yaro, wanda ya daɗe a harkar ya riƙe hannun sabon shiga har ya tsaya da ƙafarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amsar ta biyu kuwa, tun da takarda ba ta shaidar hali, sai a haɗa ta da shaidar mutane. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) bai karɓi yabon wani a kan wani ba sai da ya tambaye shi ko ya yi maƙwabtaka da shi, ko tafiya, ko cinikin kuɗi. Ganin mutum a sahun farko bai isa a danƙa masa yara kwana uku a daji ba.

ABIN DA KE KANMU

Mu iyaye, kafin mu bar yaro ya tafi sansani, ko na iskut ne, ko na ƴan agaji, ko na makarantar Islamiyya, mu cire kunya mu tambaya: manya nawa za su tafi? Wa ya horar da su? Ina za a kwana, wa zai kwana da wa? Akwai ruwa kusa? Ina likita mafi kusa? Annabi Yaƙubu (AS) bai ɓoye tsoronsa na gafala ba a lokacin da aka nemi fita da Yusufu, alhali masu neman ƴaƴansa ne na cikinsa. Idan yaro ya dawo ya kawo ƙara, mu saurare shi, kada mu rufe masa baki don tsare mutuncin babba ko sunan ƙungiya.

Mu masu sa-kai kuma, mu sani zama a gaban mai koyarwa, ko da ya girme mu ko mun girme shi, yana daga cikin sadakar da muke bayarwa. Wanda ya ji haushi don an ce ya koya, ko don an haɗa shi da abokin aiki, to ya koma ya binciki niyyarsa, domin mai yi don Allah ba ya ƙin abin da zai kyautata aikin. Kyakkyawar niyya sharaɗi ce ta samun lada, kuma alamar gaskiyarta ita ce ta kai mai ita ga neman sani da yarda a duba aikinsa.

Allah Ya saka wa masu hidimar ƴaƴanmu da mafificin alheri, Ya ba su ƙarfi da amana, Ya tsare zuriyarmu daga sharrin masu sharri da gafalar masu gafala. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.