Wa Ya Cancanci Taimakonmu?

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu bin Almasihu. In mun ga mutum cikin wahala, sai mun bincika halinsa tukuna, ko kuwa mu taimake shi nan take?

Labarin Basamariye da ke cikin Luka sura 10 a kan wannan magana ya tsaya. Hanyar Urushalima zuwa Yariko ta kai mil 17, gangara ce cikin duwatsu, ga 'yan fashi. Firist da Balawi da suka ratse, suka bar mutumin nan kwance, kada mu yi gaggawar zaginsu, mai yiwuwa suna da hujja. Dokar Musa ta ce wanda ya taɓa gawa ya ƙazantu har kwana 7, su kuwa ma'aikatan Haikali ne. Ga kuma tsoro, ko tarko ne. Mu ma irin hujjar da mukan kawo ke nan, sau da yawa kuwa ba ƙarya muke yi ba.

Basamariyen fa, mutanensa da Yahudawa ba sa ga maciji da juna. Duk da haka ya tsaya, ya ɗaure raunukan, ya aza mutumin bisa dabbarsa, ya kwana yana jiyya. Da gari ya waye ya ba mai masauki dinari 2, watau ladan ƙwadago na kwana biyu, ya kuma yi alkawarin biyan saura. A ganinmu kuɗin nan su ne mafi sauƙi cikin abin da ya bayar. Daren nan da ya ɓata shi ne mai tsada.

Wani zai ce, to, in mayaudari ne fa? Akwai su, ba mu musa ba. Amma mai jefa kuɗi ya wuce shi aka fi cuta. Wanda ya tsaya ya tambayi mutum sunansa da abin da ke damunsa, da wuya a ruɗe shi.

Ku ba sai kun je Yariko ba. A ɗakin kwananku akwai yaron da ba a taɓa kawo masa ziyara ba, watakila ma harshenku da addininku ba ɗaya ba ne. In kun miƙa masa gari a gaban jama'a, kunya za ta hana shi karɓa, Matiyu sura 6 kuwa ta hana mu shelar sadaka. Sai ku kwaɓa a kwano ɗaya, ku ce ya zo ku ci tare.