Ba Sai An Ga Gawa Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W).

Ya 'yan'uwana matasa, wani ɗalibina ya kawo mini zancen Bigfut, halittar nan mai kama da goggon biri da ake cewa tana yawo a dazuzzukan Amurka. Ya ce, "Malam, in da gaske ne, ai sai a harbo guda kowa ya gani."

Har yau babu hujjar da ta tabbatar da ita. To amma a ce ta tabbata, wa ya halatta mana jininta? A 1902, wani sojan Jamus, Robert von Beringe, ya harbe goggon birin tsauni guda 2 a dutsen Sabyinyo, kuma da gawa masana suka fara sanin irinsu. Yau 1,000 da 'yan kai suka rage. Gundumar Skamania ta jihar Washinton kuwa, tun 1969 ta haramta kashe Bigfut, alhali ba a taɓa kama shi ba.

Mu ne ya kamata mu riga kowa. Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi ma al'ummomi ne, kuma hadisi ya tabbata cewa wata mata ta shiga wuta saboda mage. Musulunci ya halatta farauta don ci, bai halatta kisa don burga ko neman suna ba.

Wanda ya ji tsoron Allah kan halittar da bai taɓa gani ba, ba zai jefi magen unguwa ba. Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, amin.