Ƙaddara Ce, Ko Sakacin Maigida?

Ran kasuwa a Kasuwar Daji, cikin ƙaramar hukumar Kaura Namoda, tun da hantsi manyan motoci suke jeruwa suna jiran lodi. Gero da dawa da wake na shigowa daga ƙauyuka har na wajen Zurmi da Shinkafi. Wanda ya matsa kusa zai ga yadda aikin yake: katako ɗaya an jingina da bayan mota, mutum biyu sun ɗaga buhu mai kilo 100 sun ɗora wa ɗan dako a wuya, shi kuma ya hau da silifas, katakon na lanƙwasawa a ƙarƙashinsa. In ya zame ya karye, abin da za a fara ji daga bakin mai kaya shi ne, "Ƙaddara ce, Allah Ya kiyaye gaba." A ba da kuɗin mai ɗori, a kira wani ya ɗauki buhun.

Musulmi ba ya jayayya da ƙaddara, rukuni ne na imani. Abin tambaya shi ne ko wanda ya ga tsagewar katako tun jiya, ya ƙi sauya shi don kada ya kashe kuɗi, yana da hurumin fakewa da ita.

Zamfara ta ga amsar wannan da idonta. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara na mutuwa fiye da ƙima a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. Yaro ya yi ta amai, ya shiga jijjiga, ya cika. Da aka bincika sai aka gano gubar dalma ce: duwatsun zinare da ake kawowa gida a daka a turmi, ko a niƙa a inji, suna ɗauke da ita. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, garin Bagega ma aikin bai kai gare shi ba sai 2013. Iyayen da suka daka dutsen a farko ba su sani ba, kuma babu mai tausayi da zai ɗora musu laifi. Amma daga ranar da aka bayyana cewa niƙa da ruwa yana kashe ƙura, kuma a yi aikin nesa da gida, duk mai kuɗin da ya ci gaba da sa yaransa niƙan busasshen dutse ya fita daga sahun wanda bai sani ba.

Masu ramin haƙar ma'adinai suna da wata hujja da ta fi ƙarfi, kuma ya kamata a saurare ta. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane zauren karatu a ƙasar Hausa ake biya ta, an ce wanda ya mutu a rijiya ko ramin ma'adini babu diyya a kansa, kuma hukuncin ya samo asali ne daga hadisi ingantacce. Sai dai malamin ya gindaya sharaɗi da masu kawo hujjar kan tsallake: ya kasance ba da aikin wani abin ya faru ba. Imamu Malik kansa ya ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a hanyar jama'a inda ba a halatta masa ba. Wato shari'a tana bambanta tsautsayi da ganganci. Mai ramin da ya ga bango ya jiƙe da damina, bai tokare shi ba, ya ce wa yara su sauka don an ga alamar zinare, da wuya a ce babu hannunsa.

Sayyidina Umar ma an taɓa yi masa irin wannan magana. Yana hanyar Sham aka sanar da shi annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi, shi kuwa ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Abin lura a nan, Umar shugaba ne, rayukan wasu ne a wuyansa, kuma haka mai sito yake a kan yaran shagonsa. Hadisin Abu Zarri ya hana a ɗora wa wanda ke ƙarƙashin mutum aikin da ya fi ƙarfinsa, in kuma an ɗora to a taya shi.

Gaskiya ne, a yankin da 'yan bindiga suka hana mutane barci da noma, magana irin ta rufe bel ɗin injin niƙa sai ta zama kamar ƙaramin abu. Amma ɗan bindiga ba ya hannun maigida, bel ɗin kuwa yana hannunsa. Murfin ƙarfe a kansa ya isa ya hana shi fizgar hannun riga. Ƙwayar da ake jefawa cikin hatsi don kashe ƙwari, da ta sha danshi take sakin iska mai kisa, don haka barin yaro ya kwana gadi a cikin siton da aka sa ta kasada ce da ransa, kuma mai siton ya fi kowa sanin haka.

Dokar ƙasa ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF don biyan wanda ya ji rauni, amma ɗan dako ba shi da takardar ɗaukar aiki balle albashi. Waɗanda maganarsu ke shiga a nan su ne shugabannin kasuwa da na ƙungiyar 'yan dako da limaman Juma'a. Zamfara, jihar da ta ƙaddamar da shari'a tun 1999, tana da malaman da za su iya bayyana wa fatake babin lamuni da diyya daga kan mumbari, shugabannin kasuwa kuma su hana a fara lodi sai an duba katako.