Kuɗin Hular Tsohon Soja

A wurin rabon gado, gona da shanu ba su cika ba mu wahala ba, domin kowa a Horo Birni ya san kuɗinsu. Wahalar tana ga abin da ba a taɓa tayawa a kasuwa ba. Irinsa na tarar a ƙasan akwatin ƙarfe na wani dattijo da ya rasu: jar dara mai baƙin tuntu, asu ya ɗan taɓa gefenta, an naɗe ta tare da tambarin tagulla mai siffar bishiyar kwakwa, da lambar yabo ta yaƙin Boma, da takardar sallama daga soja. Hular mahaifinsa ce. Wani dillali daga Sakkwato ya taya ta kuɗin da bai wuce na sabuwar hula ba, babban ɗan gidan kuma ya tambaye ni: "Malam, in sallama?"

Na ce ya dakata. Wannan dara ta rundunar Afirka ta Yamma ce, wadda Turawan Ingila suka kafa, ta watse a 1960. Daga cikinta aka fitar da runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka gwabza da Japan a dazukan Boma daga 1944 zuwa 1945. A daji malafa suke sawa, dara ta ranar fareti ce. Masu tara kayan soja a Ingila suna duba ko ta asali ce, ko tambarin nata ne, ko akwai takardar da ta haɗa ta da sunan soja da lambarsa. In waɗannan suka haɗu, daraja ta ɗaga. Dillali ya san haka, magada ba su sani ba.

Shin laifi ne mutum ya ci ribar iliminsa? Ciniki halal ne, kuma shari'a ba ta yanke wa riba iyaka ba. Wanda ya sayi tsohon abu don ƙarancinsa bai yi saɓo ba, matuƙar bai kai ga almubazzaranci ba. Amma Manzon Allah (SAW) ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su shiga kasuwa, kuma daga cikin hikimomin hanin akwai kare wanda bai san farashi ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan wanda ya miƙa wuya ya ce, "Ban san kuɗinsa ba, saya yadda mutane ke saye." Cutar irin wannan haramun ce, wasunsu ma sun ce in tauyewar ta kai sulusi ana iya warware ciniki.

Don haka nake ganin kimanta kaya shaida ce. Wanda aka tambaya kuɗin abu ya zama mai shaida, ba mai taya ba, kuma ba ya yiwuwa ya riƙe matsayin biyu a zama ɗaya. Mun saba tsawata wa mai sayarwa da ya ɓoye aibin kaya. Mai saye da aka amince masa, ya ɓoye darajar kaya, ɗan'uwansa ne a laifi. A gidan nan akwai marayu biyu da gwauruwa mai tumuni. Duk nairar da aka tauye, daga haƙƙinsu aka tauye ta.

Wani daga cikin magada ya ce a rabu da ita ko nawa ne, tunda rundunar nan ce ta yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru a Giginya ranar 15 ga Maris, 1903. Maganarsa tana da nauyi a ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna Sifawa, ƙanensa Abdullahi ya zauna Boɗinga. Sai dai zafin tarihi ba ya halatta wa baƙo dukiyar maraya. Kuma wanda ya sa hular nan talaka ne da aka kwasa zuwa yaƙin da ba nasa ba, ya dawo ya kama fartanya. Jikokinsa sun cancanci sanin haka.

Shawarar da na bayar ita ce a nemi masani biyu waɗanda ba su da niyyar saye, su faɗi kuɗinta gaban shaidu, a shigar da shi cikin lissafin gado. In wani magaji yana son riƙe ta, ya biya sauran rabonsu. In duk sun yarda su bayar da ita ajiya, akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. In kuwa sayarwa za a yi, a kwafe takardun, a rubuta sunan sojan da labarinsa tukuna. Dillali ma yana da haƙƙin la'adarsa, amma sai bayan ya faɗi gaskiyar abin da ya gani.